Ƙaramin jirgi muke bukata a Adar

Duk wanda ya tashi a Galmi ko ƙauyukan da ke kewaye da ita ya san wannan ƙara. Ni na san ta tun ina ɗan lakwal. Da mun jiyo ta daga yamma sai mu watsar da abin da ke hannunmu, mu sheƙa bakin filin asibitin mishan, mu tsaya muna kallon ɗan ƙaramin jirgi mai farfela guda yana sauka cikin ƙura. Mutum biyar ko shida yake ɗauka. Tafiyar da motar haya ke shafe yini tana yi daga Yamai, shi wajen awa 2 ta ishe shi. Da yamma kowa ya nemi karan dawa da gwangwanin tumatir ya ƙera nasa. A cikinmu babu wanda ya zama matuƙin jirgi, kuma babu babba ko ɗaya da ya taɓa ce mana abu ne mai yiwuwa.

Wannan kallo ya daɗe. A watan Nuwamba na 1925 jiragen sojan Ingila guda 3 suka taso daga Masar suka sauka a Kano, jama'a suka fito kallo. Lokacin yaƙin duniya na biyu, daga 1940, Turawan Ingila suka riƙa kawo jiragen yaƙi cikin akwatuna ta teku zuwa Takoradi ta ƙasar Gana ta yanzu, a harhaɗa su can, su bi ta Ikko, Kano, Maiduguri da Fort-Lamy har birnin Alƙahira. Jirage fiye da 5,000 suka bi wannan hanya, irin su Hurricane da Blenheim. Mu kuwa a lokacin muna ƙarƙashin gwamnatin Vichy ta Mareshal Pétain, har ƙarshen 1942, saboda haka ɗan tazarar da ke tsakanin Ƙwanni da Illela ta Nijeriya ya zama iyakar ɓangarori biyu masu gaba. A Ingila har yau akwai masu gyara tsofaffin Hurricane suna tashi da su ranar biki, yara na taɓa fukafukinsu. Mu abin da muka gada daga wannan tarihi shi ne ɗaga kai sama.

Har kwanan baya ma haka abin yake. A watan Oktoba na 2020 an sace wani Ba'amurke a Masalata, nan bakin Ƙwanni. Kafin mako ya cika jiragen ƙasarsa sun kawo sojojin da suka ƙwato shi a arewacin Nijeriya. Ba na jin haushin wannan, kowace ƙasa da darajar da take ba ɗanta. Tambayata ita ce: mace mai naƙuda da jini ya ɓalle mata a wani ƙauyen Illela cikin damina, ƙorama ta yanke hanya, wane jirgi ne nata?

Sojojin Faransa sun tafi a watan Disamba na 2023, na Amurka sun bar Agadas a 2024. Kowa na zancen ƴancin kai, kuma zance ne mai daɗin ji. To amma kayan aro ba ya rufe katara, kuma sararin samaniyar da ba ka da masu tuƙi cikinta, sunanta kawai ke hannunka.

Duk lokacin da mahukuntanmu suka tuna da jirgin sama, babba suke tunawa. Mun shiga Air Afrique tun kafa shi a 1961, muka kuma raka gawarsa a 2002. A 2014 an saye wa fadar shugaban ƙasa Boeing 737, wanda aka raɗa wa suna Mont Gréboun, a kan kuɗi wajen miliyar 20 na sefa, ƴan adawa suka yi ta kururuwa, ƙura ta lafa, aka manta. Ban ce shugaba ya hau jaki zuwa taron ƙasashe ba. Sai dai mai karatu ya ɗauki alƙalami ya ƙiyasta ƙananan jirage nawa da matuƙa nawa kashi ɗaya cikin goma na wannan kuɗi zai samar.

Ƙaramin jirgi ba ya neman abu mai yawa. Fili shimfiɗaɗɗe na jar tsakuwa da bai wuce kilomita 1 ba, da ƙyallen da ke nuna inda iska ta dosa, da rediyo, da makanikin da ya san aikinsa. Ƙa'idar duniya ta ce awa 40 na tashi ita ce mafi ƙarancin abin da ake nema ga mai son takardar tuƙin ƙaramin jirgi na kansa. Daga wannan mataki kusan kowane matuƙin babban jirgi ya fara. Maƙwabtanmu sun gane haka tun 1964 da suka buɗe makarantar koyon tuƙin jirgi a Zariya, kuma daga 1989 suka shiga harhaɗa wani ɗan jirgin koyo mai kujera biyu a Kaduna, Air Beetle, har guda 60. Mu ma Yamai na da EAMAC, makarantar ASECNA da ke horar da masu kula da zirga-zirgar jirage da masana yanayi na ƙasashen Afirka da dama. Wato mun iya yi wa jirgin wani jagora daga ƙasa. Ouma Laouali kuwa, wadda a 2015 ta zama mace ta farko matuƙiya a rundunar sojan samanmu, da Cessna ta fara kafin ta kai ga C-130. Ta hanyar kaki ta bi. Ɗan talakan Malbaza da ba ya son soja, wace ƙofa zai ƙwanƙwasa?

Na san abin da za a ce mini. Za a ce ƙasar da ke neman hatsi da alli ba ta da lokacin wasan masu kuɗi. Amma waɗanda suka ga farin 2004 sun tuna yadda ƙasashen Sahel suka yi ta roƙon jiragen feshi daga waje, fara na cin gero ana jiran sa hannu a takarda, sun kuma tuna yunwar da ta biyo baya a 2005. Matuƙin da zai yi wa fara da jan-baki feshi a gonakin Adar, shi ne zai ɗauko majiyyaci, shi ne zai kai allurar rigakafi da sanyinta. Za a kuma ce tsaro, kuma wannan hujja ce mai nauyi, don babu mai hankalin da zai so jirage na yawo kan iyaka babu mai lura. Amsa ita ce rajista da izinin tashi a hannun hukuma, kamar yadda ake yi wa mota da bindigar farauta. Matsalar da na fi yarda da ita ita ce ta mai: fetur na musamman da tsofaffin injuna ke sha yana da tsada, samunsa kuma da wuya. Sai dai akwai ƙananan jirage na zamani masu shan kananzir ɗin manyan jirage, irin Diamond DA42 da sojanmu da kansu suka saya.

Abin da nake nema ga hukumomin jahar Tawa bai kai kuɗin bikin Tahoua Sakola na 2017 ba. A kafa ƙungiyar koyon tuƙi a filin jirgin Tawa, da jirgi 2 da malami 1, a ware gurbi kowace shekara ga ɗaliban lise da suka fi ƙoƙari a lissafi, maza da mata, daga Ƙwanni, Malbaza da Illela. Kamfanin siminti da manyan ƴan kasuwar albasa su sa hannu, ai su ma ƴaƴansu ne. A keɓe fili a Ƙwanni da Illela tun kafin masu yanka filaye su raba shi, a kewaye shi saboda shanu da awaki, kuma majalisar gari ta rubuta albashin mai gadinsa cikin kasafin kuɗinta na shekara.