In za ka shiga Kano sayen waya karon farko, a ina ya kamata ka sauka?

Yau maganar tawa da mutanenmu ce na Gwarzo da Kabo, musamman wanda ya tara 'yan kuɗinsa zai shiga birni sayen waya ko kayan gyara, kuma bai taɓa kwana a can ba.

Na san abin da za ka yi. Mota za ta sauke ka a Rijiyar Zaki ko Kabuga, ka kira ɗan garinku da ke zaune a nan kusa, shi ke nan masauki ya samu. Hanyar gida ce, fuskokin ma ka san wasu. Toh ni dai a ganina, in Farm Centre za ka je, ka nemi wajen kwana ta ɓangaren Tarauni ko Gyaɗi-Gyaɗi ko Unguwa Uku, ko da sai ka biya kuɗin ɗaki.

Wayar hannu ba ta nuna ciwonta a gaban mai shago. Minti goma da za ka yi kana latse-latse a kasuwa ba zai gaya maka komai game da batir ba. Sai ka caja ta ta cika, ka kalli bidiyo na awa guda, ka ajiye ta ta kwana, sannan za ka ga ko tana zuƙe caji ko tana zafi ko sabis na ɗaukewa. Irin waɗannan wayoyin ake kawo mana shago kullum, an saya jiya, yau ta fara mutuwa da kanta, mai ita kuma ya riga ya yi kusan kilomita 70 daga wanda ya sayar masa. In kana kusa, da safe sai ka koma da rasit ɗinka tun bai manta fuskarka ba. Ka ma faɗa masa tun wajen ciniki cewa gobe za ka dawo in ka ga matsala, ka ji me zai ce.

Daga Kabuga kuwa sai ka bi titin BUK, ka wuce Ɗan Agundi, ka bi Zoo Road har Dangi, wani lokacin a Adaidaita Sahu biyu. Google Maps zai nuna maka 'yan mintuna, amma lissafin mai motar kansa yake yi, bai san tsayawa ɗaukar fasinja ba. Kuma tun 2022 gwamnati ta sa dokar hana Adaidaita zirga-zirga daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe. Ga masu ƙwacen waya, kowa ya san labarinsu. Sabuwar waya a aljihu, baƙo, doguwar hanya bayan magariba, wallahi ban ba ka shawara ba.

In Beirut Road ka nufa, lissafi ya canza, wajen Fagge ya fi maka. Sabon Gari ma kusa ne kuma otal sun yi yawa, sai dai wasu da mashaya a ciki, ka tambaya tukuna.

Kafin ka baro gida, shiga Google Maps, danna hotonka da ke sama, zaɓi Offline maps ka sauke taswirar Kano, za ta yi aiki ko data ta ƙare. In kana duba masauki, kar taurari su ruɗe ka, duba ranar da aka rubuta sharhin, na shekara uku baya ba shi da amfani. Ka kira su ka tambayi abu ɗaya: akwai sola ko janareta da dare? Ɗakin da ba wuta ba za ka iya gwada waya a cikinsa ba. Kana isa ka tura wa wani a gida wurin da kake ta WhatsApp, sannan ka danna *#06# a sabuwar wayar, ka kwafe lambar IMEI a takarda, ka duba ko ta yi daidai da wadda ke jikin kwali ko rasit.