DAGA BAKIN ALLO: Rediyo mai tsada, da gidan wa ya dace?

A wannan wata za mu ɗan jingine zancen jarrabawa da ƙarancin littattafai, mu taɓo wata muhawara da ta taso mana a lakwal ɗinmu nan Maraɗi, wadda muke ganin akwai darasi a cikinta ga duk mai shirin fitar da kuɗinsa a kan kayan sauti.

Daraktanmu ne zai ajiye alli bayan shekara talatin da ɗoriya yana koyarwa. Kamar yadda aka saba, muka yi karo-karo domin kyautar sallama. Mu malamai ashirin da biyu ne, kowa ya ba da jika biyar, aka tashi da jika 110. Da yake kowa ya san tsohon ba ya rabuwa da rediyo, ba a yi gardama a kan abin da za a saya ba, sai a kan irinsa. Nan ne wani matashin malami ya ce ya ga wani rediyon tebur mai agogo, ƙirar Bose Wave, a shagon masu kayan gwanjo da ake kawowa daga Kwatano, an yi masa kuɗi jika 90. Muka tashi mu huɗu muka je, domin gani ya kori ji.

Gaskiya ɗaya ce, da mai shago ya saka faifai ya kunna, dukkanmu sai da muka yi tsit. Akwati ne ɗan madaidaici wanda mutum zai rungume da hannu ɗaya, amma sautin ya cika shagon, har ƙarar ganga muna jin ta a ƙirji. Babu wanda ya fito yana cewa abin banza ne. To, shin wannan daɗin sauti ya isa dalilin da za mu zube kuɗin mutum ashirin da biyu?

Bari mu fara ba mai haƙƙi haƙƙinsa. Wanda ya kafa kamfanin, Amar Bose, malami ne irinmu, sai dai shi a jami'ar MIT ta Amurka ya koyar, fiye da shekara arba'in. An haife shi a 1929, mahaifinsa mutumin Indiya ne, kuma tun yana yaro yake gyaran rediyo. A 1956 ya sayi kayan sauti masu tsada, da ya kai gida bai ji abin da ya yi tsammani ba, wannan takaici ya sa shi cikin bincike har ya kafa kamfaninsa a 1964. A 2011 ya ba jami'ar tasa mafi yawan hannun jarin kamfanin kyauta, ya rasu a 2013.

Sirrin rediyon yana cikin wani bututu da aka naɗe a cikin akwatin kamar hanji. A samfurin farko, wanda ya fito a 1993, tsawon bututun ya kusa mita ɗaya. Lasifikar ƙarama ce, amma iskar da take turawa tana bin wannan doguwar hanya kafin ta fito, sai ƙaramin motsi ya zama babbar murya mai kauri. Wanda ya taɓa tsayawa kusa da mai busa kakaki a ƙofar fada ya san wannan: leɓe ne kawai ke motsi, tsawon ƙarfen ne ke ba da amon. A kan wannan dabara aka ba Bose da abokin aikinsa William Short lambar gwanin ƙirƙira ta shekarar 1987 a Amurka. Saboda haka tsadar ba ta suna kaɗai ba ce, akwai ilimi a ciki. An fara sayar da shi a kan dalar Amurka 349, mai ɗauke da faifan CD kuwa 499. In aka lissafa dalar Amurka ɗaya a kan sefa 600, wannan na biyun ya tasam ma jika 300 yana sabo.

Da muka koma lakwal, sai wata malama mai aji uku ta yi tambayar da ta sauya zancen. Ta ce, "Mushe, da me tsohon zai kunna shi in an ɗauke kuran?" Wannan rediyo ba ya aiki da pil, sai an jona shi a bango. Kowa a nan yana tuna yadda muka kasance daga watan Agusta na 2023, lokacin da Nijeriya ta yanke wutar da take sayar mana bayan juyin mulki, har zuwa farkon 2024. Ko ba wannan ba, watannin zafi sun ishe mu misali. Kuma daraktan ya riga ya faɗa mana ƙauyensu zai koma, inda fitilar hasken rana ce abin dogaro.

Na biyu, da muka sake komawa muka juya bayan akwatin, sai muka ga an rubuta volt 120. Wutar gidajen Amurka ke nan. Tamu 220 ce. Wanda ya jona shi kai tsaye ya ƙona jika 90 cikin ƙiftawar ido, sai an haɗa masa taransifoma, wani kuɗin ke nan, kuma ranar da jika ko ɗan aike ya manta, shi ke nan.

Na uku, kuma wanda ya fi damunmu: rediyon yana kama FM da matsakaicin zango ne kawai, ba shi da gajeren zango. Ga Ba'amurke wannan ba rashi ba ne, domin tashoshin FM sun kewaye shi. Amma mu da gajeren zango muka tashi. A kansa iyayenmu suka saurari sashen Hausa na BBC tun 1957, da Muryar Jamus tun 1963, da Muryar Amurka tun 1979, a kansa muka sha jin Rediyon Kaduna a mita 49. FM ba ta nisa, da ka yi tafiya daga gari sai ta fara shashsheka. Mutumin da ya shekara arba'in yana murɗa allura da asuba yana neman labarin duniya, in ka ba shi akwatin da ba ya kamo nesa, ka ba shi ado ne kawai.

Na huɗu, wanda muka gani samfurin 2004 ne, kuma wannan samfuri ba shi da maɓalli ko ɗaya a jikinsa. Komai sai da ɗan rimot siriri kamar katin shaida. A gidan da yara ke shiga da fita, kwana nawa irin wannan zai yi bai ɓace ba? Ga ƙurar hunturu, wadda ita da idon da ke karanta faifai ba sa ga maciji. In ya tsaya, mai gyaran rediyo na bakin kasuwa zai buɗe ya duba, amma ina zai samo kayan canji? Shi kuwa agogon da ke tashin mutum daga barci, wanda ake ƙirgawa cikin kuɗin, ladanin unguwa ya daɗe yana yi mana wannan aiki kyauta.

Matashin malamin bai yarda nan take ba, kuma hujjarsa tana da ƙarfi. Ya ce araha ba ta ado, kuma mutumin da ya ba yara ƙuruciyarsa ya cancanci ya mallaki abu ɗaya mai daraja a rayuwarsa, ba kullum a ce malami sai mai sauƙin kuɗi ba. Mun ji wannan magana har cikin rai. Amsar da muka ba shi ita ce, darajar kaya tana bayyana ne a gidan da ya shiga. An ƙera wannan rediyo domin ɗaki mai rufaffiyar taga, da wutar da ba ta yankewa, da mai shi da ke son ya kishingiɗa ya ji kiɗa shi kaɗai. Wanda yake da irin wannan gida a Yamai ko a nan Maraɗi, yana da faifansa, kuma ya sami samfurin da ya dace da wutarmu, ba za mu ce ya yi asara ba, zai ji daɗin kuɗinsa. Amma daraktanmu a tsakar gida yake sauraro, a kan tabarma, da maƙwabta kewaye da shi, wani lokaci ma a gona.

A ƙarshe muka saya masa rediyo mai ɗaukuwa, mai gajeren zango da FM, mai aiki da pil kuma ana cajinsa da hasken rana, da wurin saka ɗan katin ajiya domin karatun Alƙur'ani da waƙoƙin Shata da Ɗan Gurmu da yake so. Sautinsa bai kama ƙafar wancan ba, ba mu ɓoye wa kanmu wannan ba. Da canjin muka ƙara masa babbar riga da buhun hatsi. Daidai ruwa, daidai tsaki.

Shawararmu ga mai karatu, kafin ka miƙa kuɗi a kan irin waɗannan kaya, ka juya bayansu ka karanta ƙarfin wutar da suke ci. Ka tambayi kanka wace tasha kake saurare, kuma ko akwatin yana kama ta a inda kake kwana. Ka tambaya me zai faru in an ɗauke kuran, wa zai gyara in ya lalace. Sannan ka sa mai shago ya kunna maka tashar labarai, kada ka tsaya a kan faifan da shi ya zaɓa, domin kowane ɗan kasuwa ya san waƙar da ke sayar masa da kaya. In duk amsoshin sun yi maka, saya, Allah ya sa albarka.

Muna yi wa daraktanmu fatan hutu lafiya, Allah ya saka masa da alheri. Sai mun haɗu a wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.