Ko Kimiyya Za Ta Iya Raba Mu da Wahala?

Akwai wani masanin falsafa a Ingila mai suna David Pearce, wanda a shekarar 1995 ya yi rubutu yana cewa wata rana kimiyya za ta sake fasalin ƙwaƙwalwar ɗan Adam, har ya daina jin zafi da baƙin ciki. Da na fara jin haka na yi murna, domin a lokacin ciwon haƙori ya hana ni barci. Amma da na zauna na yi tunani, sai na ga ban yarda da shi ba.

Ba na musun amfanin kimiyya. Kafin 1846, lokacin da aka gwada maganin sa barci a wani asibiti a birnin Boston na Amurka, ido biyu ake yi wa mutum tiyata, ƙarti na danne da shi. Wannan azaba ce marar amfani, madalla da waɗanda suka kawar da ita.

To, amma Hausawa sun ce jiki magayi. Ku dubi kuturta. Cutar takan kashe jijiyoyi, sai mutum ya taka ƙaya ko ya ɗauki tukunya mai zafi bai ji ba, rauni ya ruɓe, a hankali yatsu su gutsure. Haka kuma a 2006 masana suka ba da labarin waɗansu yara a arewacin Pakistan da aka haifa ba su jin zafi. Sun ciji harsunansu sun ji rauni, waɗansu har sun karye ba su sani ba. Ashe zafi mai gadi ne.

An ma taɓa gwada gyaran ƙwaƙwalwa da wuƙa. Wani likita ɗan Fotugal, Egas Moniz, ya ƙirƙiro yanke jijiyoyin gaban ƙwaƙwalwar masu taɓin hankali, har aka ba shi kyautar Nobel a 1949. Da yawa sun yi shiru, amma sun koma ba su damu da kowa ba, ba su damu da komai ba. Daga baya aka yi watsi da aikin.

Bara kakata ta rasu ina nan makaranta. Na yi kuka a ɗakin kwana har aka kaɗa ƙararrawar asuba. Da an miƙo mini ƙwayar da za ta share wannan baƙin ciki, da ban karɓa ba, gama ƙaunarta ce ta sa ni kukan. Sa'an nan kuma, in aka gyara kan mayunwaci ya daina jin yunwa, ai cikinsa bai cika ba, wanda ya hana shi abinci kuwa ya samu sauƙi.

Saboda haka, mu dage da karatun kimiyya don mu yaƙi cuta da yunwa da jahilci tun daga tushensu. Zuciyar da ke jin zafi kuwa a bar mana ita, domin da ita muke tausayin juna.