Yaran da samame ya raba da lakwal

Sharhinmu na yau daga Yamai ya karkata ne kan ƴaƴan baƙin haure.

Kowace shekara idan aka buɗe lakwal a watan Oktoba, akwai ƴaƴan Nijar da ba a kiran sunansu a aji, ba a gida ba, ba a waje ba. Da yawansu ƴan yankin Kance ne a jihar Damagaram, waɗanda iyaye mata ke ɗauka zuwa Aljeriya yin bara.

A can, uwar da ba ta da takardun zama ba ta kusantar ofishin hukuma. Rubuta yaro a makaranta na buƙatar suna da adireshi, ita kuwa abin da take ɓoyewa ke nan. Jami'an tsaro na kame a titi, a wuraren gini, har a ɗakunan kwana. Don haka ba ta yarda yaro ya yi nisa da zanenta, kada mota ta kwashe ta a bar shi.

Tsoron nata yana da tushe. Tun Disamban 2014 ake maido da ƴan Nijar daga Aljeriya cikin manyan motoci ta Asamaka zuwa Agadas. Ƴan wasu ƙasashe kuma a kan sauke su cikin hamada, su taka kilomita 15 a kan rairayi. Ƙungiyar Alarme Phone Sahara ta ƙirga fiye da mutum 30,000 da aka koro a 2024 kaɗai.

Ko a Amurka, inda kotun ƙoli ta tabbatar wa irin waɗannan yara haƙƙin karatu tun 1982, iyaye sun shiga zullumi bayan gwamnatin Trump ta janye kariyar hana kame a makarantu a Janairun 2025.

Dawowa gida ma ba ta kashe matsalar. Yaro mai shekara goma ya iso ba takardar haihuwa, bai san baƙi ko ɗaya ba, ya kuma girmi ƴan ajin farko. Nijar na da azuzuwan gaggawa na wata tara domin ƴan shekara 8 zuwa 12, waɗanda ke mayar da yaro cikin firamare. Abin da ya rage ga ma'aikatar ilimi shi ne ta fara rubuta sunayen yaran tun a Agadas, alƙalai su bi su ƙauyukan Kance da takardun haihuwa, kafin wata motar ta sake nufar Aljeriya da su.