Gyaran Tsofaffin Na'urori Da Amanar Ilimin Sana'a

Ya 'yan'uwa masu karatu, a wannan mako muna so mu ɗauko zance daga nesa, sa'an nan mu sauke shi a bakin tafkin Kainji.

A ƙasar Amurka akwai wani taro da ake ce da shi Vintage Computer Festival, watau bikin tsofaffin kwamfutoci. An fara shi a jihar Kalifoniya cikin 1997, daga baya irinsa ya yaɗu har Jamus. Akasarin masu halarta ba neman kuɗi ke kai su ba, sha'awa ce. Wannan ya zo da Apple II, ƙirar da ta fito a 1977, wancan ya rungumo Commodore 64 ta 1982, a jera su bisa tebur a kwance musu kusoshi. Ciwon tsohuwar na'ura kuwa sananne ne: a wata batiri ne ya tsiyaye ya cinye hanyoyin tagulla na allon ciki, a wata kwandensa ce ta bushe ko ta fashe. Sai a ɗauki mita a bi wuta gaɓa-gaɓa har a kama inda ta yanke, a narka dalma, a cire mataccen a dasa sabo. A Ingila ma, a gidan tarihin kwamfuta na Bletchley Park, masu aikin sa kai sun tayar da Harwell Dekatron, kwamfutar 1951 mai nauyin tan biyu da rabi, ta koma aiki a 2012. Lalle da tsohuwar zuma ake magani.

Ba na'urorin ne suka ja hankalinmu ba, ɗabi'ar masu gyaran ce. Abu uku suke yi: suna taruwa, gwani yana aiki a bainar jama'a yana bayani, kuma duk ciwon da aka gano da maganinsa sai an rubuta an ajiye domin na baya.

To, mu dawo gida. Tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968 ruwa ya cika, rayuwar mutanen Ngaski da Yauri da Shanga ta ƙara rataya a kan jirgin ruwa. Yau injin jirgi ne ke kai mutum kasuwar Wara da ta Yelwa, injin ban ruwa ne ke shayar da albasa da shinkafa, wayar hannu ce ke haɗa masunci da dillali. Da yawa cikin waɗannan kaya sun tsufa, kuma makanikanmu ne ke riƙe da su. Muna shaida musu basira, domin sukan tayar da injin da masu ƙera shi suka daɗe da mantawa da shi. Amma akwai wata al'ada da ba ta dace ba. Sau da yawa idan aiki ya zo wurin da sirrin yake, sai maigida ya aiki yaronsa sayen goro, don kada ya gani. Yaro ya shekara biyar a shago bai wuce wanke fulogi ba. Ranar da maigida ya kwanta dama, ilimin ya bi shi kushewa.

A wurin Turawa gyara nishaɗi ne, a wurinmu kuwa rai ne. Ba mu manta da ranar 26 ga Mayu, 2021 ba, sa'ad da jirgin da ya taso daga Lokon Minna zuwa Wara ya dare a tsakiyar ruwa, mutane masu ɗimbin yawa suka riga mu gidan gaskiya. Jami'an hukumar hanyoyin ruwa sun ce jirgin katako ne tsoho wanda ya raunana, ga kuma lodi fiye da ƙima. Allah Ya jiƙansu. Sanin abin da zai gyaru da abin da ya kamata a jingine, shi ma babban babi ne a ilimin gyara.

Imam Gazali, wanda ya rasu a 505 bayan Hijira, ya lissafa sana'o'in da al'umma ba ta wadatuwa ga barinsu, kamar noma da saƙa da likitanci, cikin farillan kifaya. A fahimtarmu, gyaran inji da ƙirar jirgi a bakin tafki suna cikin wannan babi. Malamanmu na da ba su bar tsohon kundi ya ruɓe ba, kofe shi suke yi, su yi masa ta'aliki a gefe, su karantar. Me zai hana masu sana'a su bi sawunsu?

Saboda haka muna kira ga ƙungiyoyin makanikai da masu gyaran waya da maƙeran jirgi na Wara da Yelwa, su keɓe rana guda kowane wata su taru, a kwance tsohon inji gaban yara, a bayyana musu kome. A ajiye littafi, da boko ko da ajami, a riƙa rubuta kowane ciwo da maganinsa. Sarakunan sana'a su tsaya a kai, masu hali su taimaka da kayan aiki. Wanda ya koyar bai rage wa kansa arziki ba, hannu ɗaya kuwa ba ya ɗaukar jinka.

Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, Ya tsare matafiyanmu na tudu da na ruwa, amin. Wassalam.