Iyaye Maza, Mu Fita Da 'Ya'yanmu

Muna da shawara guda da muke so mu sa a gabanku. Shawarar ita ce, kowace ƙungiyar manoma ta ikilisiya da ke kudancin Kogin Kaduna ta kafa zumuntar uba da 'ya'ya. A riƙa taruwa sau ɗaya a wata, a kwana tare a waje sau biyu a shekara, iyaye maza da kansu kuma su shugabanci abin. Mun sani akwai masu cewa zamanin kwana a waje ya wuce. Maganarsu tana da nauyi, za mu kuwa zo kanta. Amma bari mu fara da dalili.

Yawancinmu da ke Kakuri, da Makera, da Nasarawa, da Television, da Sabon Tasha, aikin kamfani ne ya kawo iyayenmu. An buɗe masaƙar KTL a Kakuri a 1957, waɗansu masaƙu suka biyo baya a shekarun 1960. Kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a 1975, matatar mai kuma a 1980 aka buɗe ta. Mutane suka baro ƙasar Bajju, da Atyap, da Ham, da Adara, har da Filato da Binuwai, suka zauna a ƙasar Gbagyi. A ƙauye yaro ba ya bukatar ƙungiya kafin ya san ubansa. Tun da asuba yana bayansa da 'yar fartanya, ran gayya shi ke kai ruwa, da dare kuma yana jin labari a bakin wuta. A birni kuwa uba yana aikin dare, ya dawo ya kwanta sa'ad da yaro ke shirin makaranta.

Da KTL ta tsaya a 2002, UNTL kuma ta rufe a 2007, magidanta da yawa suka koma ga fartanya wajen Romi, da Gonin Gora, da Kakau, da Kujama. Amma su kaɗai suka koma, yaran ba su bi ba. Ga shi kuma gidaje sun cinye gonakin kusa tun bayan rikicin 2000, sa'ad da iyalai masu yawa suka ƙauro wannan ƙetare. Gona ta yi nisa, kuɗin mota ya yi yawa, sai uba ya ce wa ɗansa, “Zauna ka yi karatu.” Karatu abu ne mai kyau. Amma ku tambaya a taronku na gaba, yara nawa ne a gidajenku za su iya nuna iyakar gonar ubansu? Yaron da bai taɓa zuba gumi a gona ba, ran da aka ce ta zama tasa, filoti zai gani, dillalan fili kuwa suna jiransa. Ƙungiyar da ba ta da magada, ta rage kwana ke nan.

Wani zai ce, ai muna da Boys' Brigade da Girls' Brigade. Gaskiya ne, muna kuwa gode wa Allah dominsu. Wani malamin makarantar Lahadi, William Alexander Smith, shi ya kafa B.B. a birnin Gilasgo a 1883, a 1886 ya fara fita da yaran zango, a 1908 kuma ƙungiyar ta iso Ikko. Hafsoshinta suna aiki ba albashi, suna koya wa 'ya'yanmu ladabi da tsabta da tsoron Allah. Amma hafsa ɗaya yana da yara talatin ko arba'in a gabansa. Da yawa cikinmu mukan sayi hula da ɗamara, mu biya kuɗin zango, mu ga kamar mun sauke nauyi. Mata sun fi mu a nan. Uwa ba ta fashin Zumuntar Mata, 'yarta kuma tana biye da ita tun tana goye. Littafin Maimaitawar Shari'a sura 6 ya ɗora koyar da yaro a kan wanda ya haife shi, a gida da kan hanya. Wasiƙar Bulus zuwa ga Afisawa sura 6 kuwa ta kira ubanni da sunansu. Ba a ba da wannan aiki haya.

Waɗansu ma sun riga sun gane haka. A Amurka, a birnin St. Louis, a 1926, wani ma'aikacin YMCA mai suna Harold Keltner ya kafa ƙungiyar uba da ɗa, bayan hirar da ya yi da wani maharbi ɗan asalin ƙasar Kanada, Joe Friday, wanda ya nuna masa yadda mutanensa ke horar da 'ya'yansu da kansu. Sukan taru ƙungiya ƙarama ƙarama, gida gida, uba da ɗa su zo tare, su fita zango tare. Abin da suka je nema wurin maharbi, mu a gidan kakanninmu muka baro shi. Ba aro za mu yi ba, kayanmu za mu ɗauko.

To, ta yaya za a yi? Kada ƙungiya ta wuce magidanta takwas ko goma da yaransu, daga shekara bakwai zuwa goma sha huɗu. Doka ta fari ita ce, ba a aiko yaro, kawo shi ake yi. A taru ran Asabar da yamma, a buɗe da addu'a, a yi aikin hannu guda ɗaya wanda ya dace da watan.

A watan Afrilu a gwada iri. Yaro ya ƙirga ƙwayar masara 100, ya naɗe cikin jiƙaƙƙen buhu, bayan kwana 7 ya ƙirga waɗanda suka tsiro. In ba su kai 80 ba, a nemi wani iri tun da sauran lokaci. Lokacin shuka, uba da ɗa su yanko sandar awo, santimita 75 tsakanin kunya da kunya, 25 tsakanin rami da rami. A watan Yuli a koya wa yara leƙa zuciyar masara da sassafe, domin neman tsutsar nan da ta shigo ƙasarmu a 2016. Idon yaro ya fi namu kaifi, gani da wuri kuwa shi ne rabin magani. A Agusta da Satumba a tuge ƙuduji kafin ya zuba 'ya'ya, gama tushe ɗaya yana zuba dubbai, suna kuma iya kwana cikin ƙasa fiye da shekara goma. Da rani a haƙa ramin taki, a share gefen gona saboda gobarar daji, a reni ɗorawa da zogale da mangwaro cikin leda.

A kuma dawo da gayauna. Kowane yaro a ba shi kunya biyu ko uku su zama nasa, ko a bayan gida ne. Abin da ya girbe a auna, magatakarda ya rubuta cikin littafin ƙungiya da sunan yaron, a sayar masa, a ba shi kuɗinsa a hannu. Yaron da ya sayi takalmi da guminsa ba zai ƙara raina fartanya ba.

Yanzu sai maganar kwana. Ba wanda ya manta da ran 5 ga Yuli 2021, sa'ad da 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai fiye da 120 daga makarantar Bethel Baptist a Damishi, kan hanyar Kachia. Waɗansu cikin masu karanta wannan takarda sun sayar da hatsi da gonaki domin fansar 'yan'uwa. Saboda haka ba mu ce kowa ya kai yaro daji ba. Wanda ya yi haka ganganci ya yi, ba bangaskiya ba. Amma dajin ba shi ne muke nema ba, uban muke nema. Harabar majami'a mai katanga a tsakiyar unguwa ta isa. Da rana a tafi gona ta kusa ko lambun bakin rafi, a dawo kafin la'asar. A sanar da mai unguwa da 'yan sanda. Kada a yi shelar ranar a bainar jama'a, iyaye kaɗai su sani. Magidanta su raba tsaro biyu biyu har gari ya waye. In labari bai yi daɗi ba a makon nan, a ɗaga, ba abin kunya ba ne. A ɗaga dai, kada a soke. In tsoro ya raba mu da 'ya'yanmu alhali muna gida ɗaya, to, an sace mana abin da ba kuɗin da zai fanshe shi.

Me ya sa muka nace sai an kwana? Domin akwai maganar da yaro ba ya yi da rana. Sa'ad da aka ajiye wayoyi, aka hura wuta, ya ga Baba na gasa doya da hannunsa, ya ji yadda kakansa ya sari gonar fari, a nan ne bakinsa ke buɗewa. A nan za ka ji wanda ke cin zalinsa a makaranta, da abokin da ya fara nuna masa ƙwaya. Lokaci biyu sun fi dacewa: bayan girbi, wajen Disamba, da kuma hutun Ista kafin ruwa ya zauna. Kowa ya zo da tabarma, da gidan sauro, da tocila, da bargo saboda hunturu. A tafasa ruwan sha. Kada yaro ya shiga ciyawa ba takalmi. In maciji ya sari wani, ba tsaga, ba tsotsa, sai asibiti nan da nan.

'Yan mata fa? Lalle su zo. 'Ya mace ma tana bukatar ubanta, su ne kuwa za su riƙe rumbunan gobe. A roƙi iyaye mata biyu daga Zumuntar Mata su kwana da su a ɗaki dabam. Kada kuma babba ya keɓe da yaron da ba nasa ba. Marayu fa? Ba ikilisiyar da ba ta da su a yau. Baffa ko kawu ya tsaya musu, in babu, wani dattijo ya ce wa uwarsu, “Mama, ki ba ni shi, na zama ubansa a nan.” Ƙungiyar da ta bar maraya a gida ba ta cancanci sunan ikilisiya ba.

Akwai mai cewa ba kuɗi. Ba a bukatar riga iri ɗaya, ba a bukatar tanti, ba kuɗin shiga. Mudun shinkafa ko doya biyu daga kowane gida sun isa. Akwai kuma mai cewa girman uba zai zube in ya zauna tabarma ɗaya da ɗansa. Mun san kunyar da ke tsakanin uba da ɗa, tun ba ɗan fari ba, ba mu kuwa raina al'ada. Amma iyayenmu da ba su iya kiran sunan ɗan fari ba, sun koya masa riƙon garma da hannunsu. Tsoro dabam, girmamawa dabam. Yaron da ke tsoronka zai ɓoye maka, wanda ke girmama ka zai zo da damuwarsa. Domin haka ba bulala a wannan taro, ba giya kuma.

Shugabancin kuwa kada a jibga wa fasto ko malamin gona. Mu malaman gona a shirye muke mu kawo iri da shawara, amma kujerar ta iyaye ce, a riƙa juya ta shekara shekara. Wanda bai yi boko ba kada ya ja baya. Mutumin da ya san sunan kowane itace daga Romi zuwa Kujama, shi ne babban malami a wannan makaranta.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Muna roƙon shugabannin ƙungiyoyi su sa wannan magana cikin taronsu na wata mai zuwa. In magidanta biyar sun yarda, a fara da su, sauran za su biyo. Ku rubuto mana yadda kuka yi, domin waɗansu su ƙaru. Allah ya ba mu zaman lafiya, ya sa albarka a gonakinmu da 'ya'yanmu. Amin.