Jarrabawar Likitocin da Suka Yi Karatu a Waje: Kada a Soke, a Taimaki Yaranmu Su Ci



Kwanan nan na ji wasu daga cikinmu suna cewa a soke jarrabawar da hukumar MDCN ke yi wa likitocin da suka yi karatu a ƙasashen waje. Gaskiya ni ban goyi baya ba.

Duk wanda ya karanto likitanci a Sudan, Masar, Uganda ko Yukiren, sai ya ci wannan jarrabawa kafin a ba shi lasisin wucin gadi, sannan ya yi shekara guda yana aiki ƙarƙashin manyan likitoci. Ba mu kaɗai ke haka ba. Ɗan ABU ma in ya nufi Ingila sai ya zauna PLAB. To in an soke, ina kuke zaton za a tura wanda bai ƙware ba? Wallahi ba Abuja ba. Asibitocin Ikara, Makarfi da Hunkuyi za a kawo shi, inda likita ke yanke shawara shi kaɗai da tsakar dare kan mai naƙuda.

Amma kukan iyaye ma gaskiya ne. Yaƙin Yukiren a 2022 da na Sudan a Afrilun 2023 sun katse wa yara da yawa karatu. Na san dattijon da ya sayar da gonarsa ta rake ya kai ɗansa waje. Yaron ya dawo, ya faɗi sau biyu, yanzu yana zaune gida. Ba daƙiƙi ba ne, hannunsa ne bai saba da marasa lafiyarmu ba.

Saboda haka ga abin da nake kira. 'Yan majalisarmu na Ikara/Kubau da Makarfi/Kudan da shugabannin ƙananan hukumomi su ƙirga yaran nan. A biya musu kuɗin jarrabawa, a nema musu gurbin koyon aiki a asibitin Shika, su kuma su sa hannu za su yi shekara biyu a asibitocinmu in sun ci. Kuɗin rabon babura da atamfa na taro ɗaya zai ɗauki nauyin yara da dama.

Matasa, duk ɗan takarar da ya zo neman goyon bayanmu, mu ajiye masa wannan a gaba kafin mu ɗaga hannunsa.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya.